Yadda Barmo Ya Zaɓi Karen Farauta a Guangzhou

Duk wanda ya je Guangzhou sarin kaya a shekarun farko, lokacin da baƙaƙen fatar garin ba sa cika sahu ɗaya a masallacin Juma'a, ya san Barmo. Dogo ne siriri, ya ba arba'in baya, ba ya son yawan magana, kuma yana da wata irin tafiya da ba a jin takunta. Sai ka waiwaya a rumfa ka gan shi tsaye a bayanka, ka rasa yaushe ya zo. Tocila da batir yake saya wa maigidansa da ke kasuwar Sabon Gari a Kano, ya cika kwantena, ya aika, ya jira saƙo na gaba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne a cikin ruwa ya girma. Mutumin wani ƙauye ne a fadamar Haɗeja, gidansu gidan maharba ne kaka da kakanni. Shekara ashirin ya yi yana bin agwagin ruwa da makwarwa da karnuka huɗu a bayansa. Da aka datse ruwa daga sama, ambaliyar shekara ta ja baya, ciyawar kacala ta cinye tafkunan, sai ya rataye bindiga ya shiga Kano. Ya yi dako, ya yi tsaron shago, amanarsa ta kai shi Hong Kong, daga can ta tsallako da shi Guangzhou a shekarar 1997.

Wata Juma'a, cikin sanyin farkon 1998, Barmo da wasu 'yan kasuwa suna cin taliya a shagon wasu Musulmin China, sai Harouna ya zauna kusa da shi yana ta tsaki. Harouna mutumin Maraɗi ne, tufafi yake sara a kasuwar Shisanhang yana aika wa wani attajiri mai motocin haya a Yamai. Ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa a kan tebur.

"Malam Barmo, duba mini wanga aiki. Patron ɗina na halbin agwagi bisa kogi daga cikin jirgi, rabinsu na ɓacewa cikin haki. Wai ya ga wani Bafaranshe da kare, in ya halbo tsuntsu karen ya tahi ya ɗauko ya kawo mai a hannu. Shi ma irinai yake so. Ni da ban taɓa taɓa kare ba tun da uwata ta haihe ni!"

Barmo ya ajiye cokali ya yi dariya, abin da ba a saba gani ba.

"Alhaji, an yi wa maigidanka tatsuniya. Kare in ya riga ka isa wurin tsuntsu, gashi kawai za ka tarar. Mu da gudu muke binsu da sanda."

"Kai ka san karnuka?"

"Na ɗan sani."

"To wallahi ba ni sakinka."

Kwana biyu suka yi suna zaga kasuwar dabbobi. Inda duk suka nuna hoton da Harouna ya zana na kare da tsuntsu a baki, sai a girgiza kai a ce musu meyo, babu. Ƙananan karnuka ne kawai masu gashi kamar auduga, waɗanda mata ke runguma. A rana ta biyu wata mai sayar da kifin ado ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta juya takardar ta rubuta wani abu da rubutunsu, ta nuna kudu da hannu.

Ranar Lahadi suka hau bas tun da safe. Suka bar benaye, suka shiga gonakin ayaba da rake, suka sauka suka hau babura, har suka kai gefen Nansha. A lokacin ba komai a wannan yanki sai laka da dogayen ciyayi da kududdufan kiwon kifi, da ruwan teku mai shigowa ya koma sau biyu a rana. Barmo ya shaƙi warin lakar, ya ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Rabonsa da irin wannan wuri shekara goma sha ɗaya.

Mai gidan da takardar ta kai su wani tsoho ne gajere, sunansa Chen, kansa fari fat, da usur rataye a wuya. Yana jin ɗan Turanci, daidai da wanda Barmo ke ji. Da haka, da nuni da hannu, suka fahimci labarinsa. Shekara talatin ya yi yana kula da karnukan wani Bature a Hong Kong. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa su, shi kuma ya dawo da su ƙauyensu. Bindiga kam ba shi da ita, hukuma ta karɓe na kowa. Katako biyu yake bugawa su ba da ƙara kamar harbi.

Ya fito musu da karnuka iri uku. Na farko gajere ne mai dogayen kunnuwa da gashi mai sheƙi. Da aka sake shi sai ya shiga ciyawa yana saƙa, dama da hagu, bai taɓa yin nisan da ya wuce jifa ba, har ya tayar da wasu tsuntsaye, nan take ya zauna. Na biyu dogo ne, fari da ɗigon ja. Yana cikin gudu sai ya ƙame kamar an dasa shi, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, jela a miƙe, hanci na nuna wani kurmi. Barmo ya ƙirga numfashinsa har arba'in, karen bai motsa ba. Da tsohon ya taka wurin, sai ga tsuntsuwa ta tashi fir daga daidai inda hancin ya nuna.

Barmo ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Na uku wata baƙar karya ce mai faɗin kai da kaurin jela, furfura ta fara fito mata a baki. Tsohon ya ce irinsu labrado ake kira. Ya kamo agwagwa mai rai daga garkensa, ya ɗaure mata fukafukai da tsumma, ya ba wani maƙwabcinsa ya tsallaka da ita a kwale-kwale zuwa wancan gefen mashigin ruwan, ya ɓoye ta cikin ciyawa. Duk wannan an yi shi karyar na bayan ɗaki, ba ta gani ba. Sannan ya kira ta, ta zauna a gefen ƙafarsa ta hagu. Ya buga katakon nan, tau! Ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya miƙa hannu a saman kanta ya nuna ruwa, ya faɗi kalma ɗaya.

Ta faɗa ruwan. Teku na janyewa a lokacin, igiyar ruwan na da ƙarfi, ta ja ta ƙasa da inda aka nufa. Tana fita a wancan gefen tsohon ya busa usur sau ɗaya. Karyar ta juyo, ta zauna a cikin laka, ta zuba masa ido daga nisan da mutum ba ya gane fuskar ɗan'uwansa. Ya miƙa hannun dama. Ta bi dama. Ya sake busawa, ta sake zama. Ya ɗaga hannu sama, ta juya ta nausa cikin ciyawa ta ɓace. Jim kaɗan sai ga ta da agwagwar a baki, ta sake ratso ruwan, kanta a ɗage, ta fito, ba ta ko girgije jikinta ba sai da ta zauna a gaban tsohon ta sa masa ita a tafin hannu.

Barmo ya karɓi agwagwar. Ya kwance tsumman, ya buɗa fukafukan ɗaya bayan ɗaya, ya hura gashin ƙirjinta yana neman gurbin haƙori. Babu. Jiƙewa kawai ta yi. Ya ajiye ta, ta ruga cikin 'yan'uwanta tana kuka.

"Subhanallahi," in ji shi a hankali. Ya tsuguna a wurin ya daɗe. Tun yana yaro yake jin malamai na bayanin karen da aka horar, wanda ke kama wa mai shi, ba wa cikinsa ba. Shi ya ɗauka iyakar abin shi ne kare ya ji tsoron sanda. Yau ga dabba da nama mai ɗumi a bakinta, kogi tsakaninta da mai ita, ba mai iya dukanta, ta kawo da kanta tana kaɗa jela.

Harouna ya katse masa tunani. "Malam Barmo, mu ɗauki mai kunnuwan nan. Patron na son abu mai kyau."

"Alhaji, ka manta ƙarangiya? Wannan gashin, kwana ɗaya a dajinmu sai an aske shi da reza. Kunnuwan kuma gidan kaska ne. Dogon can na tudu ne, da makwarwa ko zabi maigidanka ke bi, da shi zan ce. Amma ka ce daga jirgi yake harbi, tsuntsu na faɗawa ruwa. Mai iyo yake buƙata."

"To baƙar kenan."

"Ta tsufa, kuma baƙin gashi da ranar Yamai ba sa shiri." Ya juya wurin tsohon. "Baba, akwai 'ya'yanta?"

Akwai uku, 'yan shekara ɗaya da rabi, duk masu launin ƙasa-ƙasa kamar jan yashi. Barmo ya nannaɗe hannun riga ya shiga cikinsu. Ya duba tafin ƙafafunsu, ya leƙa kunne, ya ɗaga leɓe ya ga haƙora. Sannan ya karɓi katakon ya buga ba zato, ya jefa hularsa nesa. Ɗaya ya maƙale a jikin bango. Ɗaya ya ruga ya cafke hular ya shiga yagarta. Ta ukun, mace, ta bi hular da ido har inda ta faɗi, sannan ta ɗago ta kalli fuskar Barmo tana jira.

"Wannan," in ji shi.

Tsohon ya ɓata rai. "Meyo," ya ce. Wannan tasa ce, ita ya ware ta gaji uwarta. Ya shiga ɗaki ya bar su tsaye. Harouna ya fara maganar komawa kafin bas ya ƙare, amma Barmo ya nemi dutse ya zauna. Can sai tsohon ya fito da butar shayi da ƙananan kofuna, ya zauna gabansa ya shiga yi masa tambayoyi. Yaya zafin ƙasar? Akwai kada a kogin? Wa zai ba ta abinci? Mai sayen ya iya usur? Barmo ya amsa gaskiya, har da cewa mai sayen bai iya komai ba. Sai tsohon ya cire usur ɗin daga wuyansa ya miƙa masa. Sharaɗinsa ɗaya ne: Barmo ya zo ya koya, kuma shi da kansa zai kai ta, ya koya wa mai ita.

Lahadi tara ya yi yana zuwa. Ya ware riga da wando na musamman da yake barinsu a can, in ya gama ya yi wanka a rijiyar tsohon, ya yi sallarsa a kan tabarma ƙarƙashin ayaba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne riƙe murya. Ya saba da daka wa kare tsawa, sai tsohon ya dafa masa kafaɗa ya girgiza kai. A mako na shida karyar ta ɗauko masa ɗanyen ƙwai daga bakin kududdufi, bai ko tsage ba. Ya sa mata suna Madina, sai ya ga bai dace ba, ya mayar da shi Zinariya.

Da takardun likitan dabbobi suka kammala, maigidansa na Kano ya ba shi izinin wata ɗaya, ya bi ta a jirgin sama har Yamai. Ran da suka fara fita kogi, attajirin ya harbo dinya, wato babbar agwagwar ruwa, ta faɗa tsakiyar ciyawar ruwa, inda ya ce ya yi asarar ɗaruruwa irinta. Barmo ya miƙa hannu. Zinariya ta tafi, ya juya ta da usur sau biyu, ta dawo tana jan dinyar da ta kusa kai girmanta. Mai tuƙin jirgin ya saki gorarsa ruwa ya tafi da ita, yana ta salati. Attajirin kuwa sai juya tsuntsuwar yake yi a hannu.

Barmo ya dawo Guangzhou ya ci gaba da sayen tocilarsa. Ya kai wa Baba Chen hoton da aka ɗauka a bakin kogin, tsohon ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya manna shi a bango. Labari ya bazu a cikin 'yan kasuwa, aka riƙa zuwa ana roƙon Barmo ya samo wa wane da wane irin karen. Yawanci ya kan ƙi. Sai ya tambayi me mutum ke harbi, a ruwa ko a tudu, wa zai riƙa fita da shi kullum. In amsar ba ta yi masa ba, ya ce a yi haƙuri.

Har Mahamudu, wani mai aika kaya ɗan Kumasi, ya taɓa tare shi a bakin masallaci ya ce yana son ɗaya ya tsare masa sito.

"Yaya Mahamudu, nemi wani irin," in ji Barmo. "Wannan in ɓarawo ya jefe shi da takalmi, ɗaukowa zai yi ya kai masa har hannu."