Ranar da 'Yar Waya Ta Kashe Direba

Tun tana ƙarama ake kiranta 'Yar Waya, domin ba a ajiye rediyo kusa da ita ya kwana da cikinsa, sai ta kwance shi. Da ta gama karatun kwamfuta sai ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai ɗaki biyu a saman shagon tela. Suna ƙera na'urar da ake maƙala wa firjin asibiti, tana auna sanyin allurar rigakafi, tana aika labari ta intanet.

Sai dai na'urar tana da wani mugun hali. Akwai 'yar manhaja mai sarrafa katin intanet, wadda masu sana'ar ke kira direba. Da ta rikice sai komai ya sandare, har ƙararrawar gargaɗi. A haka wani asibitin ƙauye ya yi asarar allurai firji guda.

Abin ya tsaya wa 'Yar Waya a rai. Ta samu manajansu ta ce, "Oga, mun tara ƙwai a kwando ɗaya. Mu sauya gini. Cibiyar na'ura ta zama 'yar ƙarama, aikinta kai saƙo kawai. Direba ɗakinsa daban, mai kula da layin intanet ɗakinsa daban. Mai auna sanyi ya buɗe soket, wato ƙofar aika saƙo, ya zuba bayaninsa ya koma bakin aiki."

Manaja ya sosa ƙeya. "Wannan kai-da-kawon ba zai sa ta nawa ba?"

"Za ta ɗan yi. Amma tafiya sannu sannu kwana nesa."

Ya ce ta gwada. Ta sha wuya kuwa. Saƙonni suka yi ta ɓata a hanya, soket ya buɗe ya ƙi rufuwa, har abokan aiki suka fara yi mata waƙa. Ba ta fasa ba, sai da damina ta wuce sannan abu ya zauna.

Ranar gwaji, a gaban babbar likitar yankin, ta ce, "Ranki ya daɗe, yanzu zan kashe direban da hannuna." Ta danna maɓalli. Na'ura ta ci gaba da awo, bayani ya taru yana jira, wata manhaja mai gadi da ke cikinta ta tayar da sabon direba, saƙo ya wuce. Soket ko gezau bai yi ba.

Likita ta gyara tabarau. "Sake kashe shi."

Ta yi ta sakewa, har sai da likita ta gaji ta yi dariya.

Labari ya riga ta isa gida, amma da gurguwar ƙafa. Ta tarar da mahaifiyarta a ƙofa tana salati. "Ke! Wane direba kika kashe? Ɗan wa ne?"

Da aka warware mata, ta zauna ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Allah ya shirye ki." Kafin la'asar kuwa ta zaga maƙwabta kaf tana faɗa musu 'yarta ce ke tsaron allurar jarirai.

Yau na'urorin suna asibitoci da dama, wasu a inda mota ba ta shiga sai babur. Direba yakan faɗi ya tashi, ma'aikatan jinya ba su ma sani ba. Ita kuma tana nan a saman shagon tela, ta juya wa taga baya, tana neman hanyar rage nawar da manaja ya yi tsoro.