Muciyar da Ta Je Taron 'Yan Ailan

Ni ne da laifi, kuma tun farko na san haka. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, don bai ma samu damar sa baki ba.

Ina da ɗan shagon ɗinki a titin Grand Concourse, nan ƙasar Turawa, inda nake yi wa riguna aikin zare, wato tambari da lamba. Wata Baturiya 'yar asalin ƙasar Ailan ce ta fara kawo mini rigunan yaran kulob ɗinsu. A bakinta na ji cewa mutanensu suna da wasannin gado. Ɗaya ƙwallo ce da ake bugawa da ƙafa a kuma cafe da hannu, ɗaya kuma 'yar ƙwallo ce mai tauri da ake duka da sanda mai faɗin baki. Masu riƙe da kulob-kulob ɗin ba albashi suke karɓa ba. Iyaye ne da tsofaffi, su wanke riguna, su ja layin fili, su kwashi yara a mota. Ta ce za su yi babban taro, masu sana'a za su baje kaya, in zo in kama tebur.

Ranar taron matata ta riga ta tafi asibitin da take aiki. Ina haɗa kaya sai na rasa abin da zan rataye rigar da na fi ji da ita. Na leƙa kicin, idona ya faɗa kan muciya. Wannan muciya ta mahaifiyarta ce, Allah ya ji ƙanta, kuma a cikin zani ta naɗo ta tun daga Katsina. Ko yaranmu ba sa taɓa ta. Na ce a raina kafin magariba ta koma mazauninta. Na zura ta ta hannun rigar, na hau jirgin ƙasa mai lamba D.

A zauren kowa da cinikinsa, ban da ni. Na yi ta shan shayi, kofi bayan kofi. Can sai wani dattijo mai jan fuska ya tsaya. Bai dubi ɗinkina ba, muciyar ya ƙura wa ido. Ya zare ta daga rigar, ya auna nauyinta a hannu, ya ce, “Wannan ta wane wasa ce?”

Da na ce ta girki ce, da an wuce wurin. Amma na ga mutum biyu sun matso, sai na gyara tsayuwa na ce, “Wasanmu ne na gado. Sunansa tuƙi.”

“Yaya filin yake?”

“Zagaye ne, kuma da zafi. Kullum da yamma ake yi. Mata ne gwanaye.”

“Wanda aka cinye fa?”

“Da yunwa yake kwana.”

Aka fashe da dariya, teburina ya cika. Har a lokacin ina lallashin kaina da cewa ban yi ƙarya ba, tun da duk abin da na faɗa haka yake. Wata mata ta tambaya ko akwai alƙalin wasa, na ce akwai, uwar miji ce, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ranar na samu aiki fiye da yadda nake zato.

Sai dattijon ya ce ko zai iya gwadawa. Aka miƙo masa ƙwallonsu mai tauri, muka fita bayan zaure. Ya cilla ta sama, ya kai mata duka. Ƙwallon ta tafi, muciya kuma ta tsage tun daga kai har kusan rabi. Jan fuskarsa ya ƙaru. Ya roƙe ni in bar masa ita, wai shi ne mai gyaran sandunan kulob ɗinsu. Na bar masa, don ba ni da fuskar kai ta gida a haka.

Babban laifin a gida na yi shi. Da yamma matata ta ɗora ruwan tuwo, ta nemi muciya ta rasa. Ni na ja mata firij, ni na haska mata bayan murhu da waya. Har na ce, “Ko ƙawarki ta unguwar Soundview ta ara kin manta?” Ta buga wa baiwar Allah waya, suka rabu ba daɗi. Kwana da kwanaki shinkafa muke ci. Wata safiya na ga matata tsaye a kicin tana duban ƙusar da take rataye ta, ba ta san ina kallonta ba.

Wata Asabar matata ta kawo mini abinci shago, sai ga dattijon ya shigo da muciya a hannu. Ya manne ta, ya ɗaure kanta da siririn ƙarfe kamar yadda suke yi wa sandunansu. Da na ce masa matata ce, sai ya cire hula ya ce, “Ashe ke ce gwanar tuƙi. Mijinki ya ba mu labarin wasanku. Ki yi haƙuri, ni na fasa miki sanda.”

Ta dubi muciyar, ta dube ni. Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta yi masa murmushi ta ce, “Na gode. Na daɗe ina bugawa. Shi ɗan kallo ne, amma yau zai shiga fili.”

Da muka koma gida ta ɗora tukunya, ta miƙo mini muciyar, ta ja kujera ta zauna.

“Bismilla, Malam. Ga fili, ga zafi.”

Na zuba gari, na kama tuƙi. Tururi ya dake ni a fuska, kafaɗata ta fara ciwo, gudaji suka cika tukunya. Ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan ƙarfen da aka ɗaure kan muciyar da shi. Sai na rage wuta, na juyo gare ta.

Na ce, “Maman yara, ni na ɗauke ta ban tambaye ki ba. Na mai da kayan Inna abin dariya don in sayar da riga, sannan na tsaya ina taya ki nema, na haɗa ki da ƙawarki. Gobe da ƙafata zan je Soundview in faɗa mata gaskiya. Ke kuma, don girman Allah, ki yafe mini.”