Murar da na kai wajen suna

Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa aure na yi a ɓoye, Allah ya amsa bakinku. Jinya na yi.

Wata Alhamis cikin Janairu na tashi a ɗakina na 'yan jami'a a Villeurbanne, gefen birnin Lyon na Faransa, da ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro. Sanyi na ɗora wa laifi. Na dafa citta da kanumfari na sha.

Asabar kuma sunan 'yar yayana Sani ne a Paris, haihuwar fari bayan shekara shida da aure. Ni kaɗai ce danginsa a ƙasar nan. In gwaggo ba ta zo ba, wa zai zo?

Ranar Juma'a na biya kantin magani. Matar da ke sayarwa ta tambaye ni, "Rhume ne ko grippe?"

Su kalma biyu gare su, ƙaramar mura da babba. Mu ɗaya gare mu. Na ce rhume. Ta ce akwai zazzaɓi? Gaɓoɓi na ciwo? Na ce ɗan kaɗan. Kun san halinmu, ko mutum ya kasa ɗaga kai "da sauƙi" zai ce. Ta ba ni maganin ɗigawa a hanci, na kama jirgin ƙasa.

Gidan Yaya ɗaki biyu ne, muka cika shi maƙil, tagogi a rufe saboda jaririya. Aka ci naman ragon da ya sayo a Château Rouge, kasuwar 'yan Afirka. Rabi, matar Yaya, ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Ga uwarku ta dawo." Sunan Innarmu marigayiya aka sa mata, Hajara.

Na rungume ta, na sumbaci goshinta, na yi kuka a kanta. Atishawa ta zo mini, na tare da tafin hannu, da hannun nan na gyara mata hula.

Litinin a Lyon na kasa tashi alwala. Na haɗiye maganin zazzaɓin cizon sauro da na zo da shi daga Maraɗi, kamar akwai sauron da zai rayu a sanyin Lyon. Laraba numfashi ya fara gagarata. Maƙwabciyata ta kira motar asibiti.

Suka ɗauki hoton ƙirji, suka ɗebi jini, suka zura mini wani ɗan tsinke mai auduga a hanci sai da na yi hawaye. Sakamako ya ce grippe ce, kuma huhun dama ya kumbura. Aka sa mini iskar numfashi, aka rufe ni a ɗaki ni kaɗai. Duk mai shigowa da ƙyallen rufe baki.

Na ce wa likita sanyi ne ya kama ni. Ya ce, "Sanyi ba ya haifar da ita. Ƙwayar cuta ce, daga mutum zuwa mutum, ta tari da atishawa da hannu. Da wa kika zauna kwanakin nan?"

Na ce da jaririya 'yar kwana bakwai.

Ya ajiye biro. "Kira su yanzu. Ko ɗan ɗumi jikinta ya yi, a kai ta asibiti."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na kira Yaya ina haki, na faɗa masa. Ya ce, "Lafiya lau muke, Aisha. Ki ji da kanki."

Kwana tara na yi a kwance. Ana auna zafin jiki safe da yamma, ana sauya ledar ruwa, ana kawo miyar da ba ta san gishiri ba. Inshorar ɗalibai ta ɗauke kusan komai. Kullum sai na kira Paris, kullum amsa ɗaya. In na ce a sa mini kukanta in ji, sai a ce barci take.

Na gane ba gaskiya ba ne, don irin amsar da na ba mai magani ce.

Sai da aka sallame ni Rabi ta faɗa mini. Tun kafin in kira Yaya, Hajara na asibitin yara a Paris da roba a hanci. Kwana shida ta yi. Daga bakin ƙofar ɗakin da take kwance Yaya yake gaya mini lafiya lau.

Na ce, "Rabi, ni ce na kawo mata."

Ta ce, "Mutum ashirin suka ɗauke ta ran nan. Allah ya tashe ku duka biyu, ki bar maganar."

Ita ta bari. Ni ban iya ba tukuna.

Alhamdu lillahi, Hajara ta yi ɓul-ɓul, ni ma na koma karatu, ko da yake hawa bene na sa ni haki har yanzu. Na gode wa likitoci, da maƙwabciyar da ta buga ƙofata, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Ga abin da na koya da jikina. In mura ta zo da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, kada a ce "ɗan kaɗan" a gaban likita, ba gaisuwa yake yi ba. A yi atishawa a takardar share hanci a jefar, a wanke hannu da sabulu. A buɗe taga ko na minti biyar ne. Tsofaffi da masu ciki su tambayi likita allurar rigakafi kafin hunturu. Maganin da aka zo da shi daga gida kuma a bar shi a jaka.

In kuma wani ya kira ya ce ba zai zo suna ba don yana mura, kada ku ce girman kai ne ko yanke zumunci. Ku yi masa godiya. Kunyar abin da za a ce ta kai ni Paris, kuma da Hajara ba ta tashi ba, ban san da wane ido zan sake kallon Yaya ba.