Ranar da Na Goge Tsagar Bagobiri

Ni mace ce mai tsoro, kuma haka na taso. Idan na kulle shago na kama hanya, sai na dawo na taɓa kwaɗon. Wani lokaci har na kai titin jirgi nake juyowa. Shagon hoto ne ƙarami a Agege, a gefen shagon wani Bayarabe mai gyaran waya. Abin da ya sa na samu aikin nan shi ne maza ba sa shiga cikin gida. Ranar suna ko kamu, mata suna son hoto da kitsonsu da lallensu, ba mayafi, kuma ba za su tsaya gaban namiji haka ba. Sai a kira ni.

Karatuna a firamare ya tsaya. Manhajar da nake gyaran hoto da ita a kwamfuta Turanci take yi mini, ni kuma ba sosai nake ji ba. Maɓallanta na haddace, kamar yadda mutum yake haddace ɗakinsa idan an ɗauke wuta. Wannan na hagu yana share tabo, wancan na ƙasansa yana ƙara haske.

Ina da doka ɗaya da na kafa wa kaina: ba na ajiye hoto a wuri biyu. Da zarar na juye hotuna daga katin kyamara zuwa kwamfuta, sai na goge katin tas. Idan na gyara hoto, a kan na asalin nake adanawa. Idan na wanke na ba masu shi, shi ma in goge. Hotunan matan mutane ne ba lulluɓi. Kullum ina tunanin kyamara za ta faɗi a danfo, motar hayar Legas, ko kwamfuta ta lalace ta je hannun mai gyara, wani ƙato ya zauna yana kallon matar wani. Me zan ce wa Allah? Shekaru ina yin haka, kuma ina alfahari da shi.

Da damina ne wani dattijo dillalin shanu na unguwarmu ya rasu. Bagobiri ne, ya daɗe a Legas, duk 'ya'yansa a nan aka haife su. Ana saura kwanaki kaɗan a yi sadakar arba'in, babban ɗansa, mahauci ne a mayanka, ya shigo shagona da wani abu a naɗe cikin jarida.

"Anti, ga Baba," ya ce. "Shi ke nan hotonsa a duniya. Ki gyara, ki faɗaɗa, za mu buga kalanda mu raba ranar sadaka."

A nan Legas mun koyi wannan a wurin maƙwabtanmu Yarabawa, a buga hoton mamaci a raba wa masu zuwa addu'a. Na buɗe jaridar. Tsohon hoto ne baƙi da fari a cikin firam, laima ta shige shi, takardar ta manne da gilashi, rigar duk ta yi tabon funfuna. Ɗan ya ce mahaifinsu bai yarda da hoto ba. Ko waya aka ɗaga, hannun riga yake sawa ya rufe fuska. Wannan ɗin ma ya tsaya ne farkon zuwansa Legas, don a kai wa mahaifiyarsa a gida ta ga yana raye. Da ta rasu aka dawo da hoton.

Na jingina firam ɗin a bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauka da kyamara ta cikin gilashin. Ya fito da kyau.

"Kin ɗauka ai?" ya tambaye ni.

Na ce na ɗauka.

"To bari in cire tsohon, sabon mu sa a firam ɗin."

Kafin in buɗe baki ya sa farce ya ja. Takardar ta taho, fuskar ta zauna a jikin gilashi, ta dagargaje kamar ɓawon gyaɗa. Ya tsaya yana kallon abin da ke hannunsa, sannan ya yi 'yar dariya.

"Ba komai. Ai Baba yana wurinki yanzu."

Wannan magana ita ta fara tsinka mini zuciya. Ya tafi ya bar ni da mutum guda a cikin kati.

Na juye hoton, na goge katin kamar kullum, don da yamma ina da aiki a gidan suna. Na zauna gyara. Tabon rigar ya yi yawa, ina bi ɗaya bayan ɗaya hannuna ya gaji. Sai na tuna da wani sabon maɓalli da ya fito a manhajar, wanda maƙwabcina mai gyaran waya ya ce mini na tsofaffin hotuna ne, yana share duk wani ƙarce da kansa. Na danna. Rigar ta koma fara sol, bango ya yi fes. Idona yana kan rigar. Daidai nan aka ɗauke wuta. Kwamfutata batirinta ba ya riƙo, ɗan numfashi kaɗan take yi ta mutu. Na yi sauri na adana, ta mutu, na ce alhamdulillahi, na ɗauki kyamara na tafi gidan suna.

Washegari da safe na kunna. Wani saurayi na gani mai sumul ɗin kumatu yana kallona. Hular dattijon ce, rigarsa ce, idanunsa ne. Amma tsagar fuskarsa babu. Kwamfutar ta ɗauka ƙarce ne a jikin takarda, ta share su tare da funfunar.

Na danna maɓallin komawa baya, bai koma ba, don an riga an rufe. Na fita na shiga, na kashe na kunna. Saurayin yana nan.

Na ruga wurin maƙwabcina. Dattijo ne shi ma, da tsaga uku-uku a kumatunsa, Hausarsa ta Agege ce.

"Oga, na halaka," na ce.

Ya zo ya leƙa, ya fashe da dariya. Tsakanin Yarabawa da Gobirawa akwai wasa, kuma shi da marigayin sun sha tsokanar juna.

"Bawan nawa ne wannan? Alhaja, ai gata kika yi masa. Abin da sabulu ya kasa tun yana yaro, kwamfuta ta wanke."

Da ya ga fuskata sai ya daina dariya. Ya karɓi katin kyamarar ya sa a na'urarsa. Ya daɗe yana nema, sannan ya girgiza kai. Hotunan sunan jiya sun hau kan wurin, babu abin da zai dawo. Ya tambaya ko akwai katin shaidar marigayin. Na ce ɗan ya nuna mini, hoton bai fi kan yatsa ba, duhu ne kawai da hula.

"To ke kin san shi, zana masa."

Ban iya ba. Na sha gaishe da marigayin a hanya, amma ni ba na kallon fuskar dattijo, ƙasa nake kallo. Jiya ma rigar na yi ta kallo. Na san ana cewa Gobirawa shida da bakwai suke yi, amma wane kunci ne shida? Daga ina suka tashi, a ina suka tsaya? Shi ma maƙwabcin ya ce kullum yana zagin tsagar nan, bai taɓa ƙirgawa ba. A cikin 'ya'yan marigayin kuwa babu mai ita, bai bari an yi wa ko ɗaya ba.

"Nemo hoton wani Bagobirin ki kwafa," ya ce. "Ko ki ɗauki tawa ki liƙa masa, in ya tashi ranar kiyama ya zo ya same ni."

Na gwada shawararsa ta farkon. Ya samo mini hoton wani tsoho a wayarsa, na yanko kumatun na ɗora. Sun zauna daidai, wanda bai sani ba ba zai gane ba. Na kalla, sai gabana ya faɗi fiye da dā. Wannan ƙarya ce zan buga a takarda, a rataya a ɗakuna, jikoki su tashi suna cewa ga kakanmu. Na goge. Na yi ta gardama da kaina. Na ce ai tsaga ba halittar Allah ba ce, askar wanzami ce, goge ta ba laifi ba ne. Wata zuciyar ta ce amma da ita ya rayu, da ita aka binne shi. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai in ɗauka ɗan marigayin ne.

Da ya zo kuwa, ya zo da kayan aikinsa, rigar duk jini. Na juya masa kwamfutar, ina jiran ihu.

"Kai, Baba ya koma ɗan gayu," ya ce, yana murmushi. "Anti, kin iya aiki. Haka za a buga."

"Ba ka ga abin da babu ba?"

Ya matso. "Au, zanen? Bar shi haka, ya fi kyau. Yara ma tsoronsa suke ji."

Ga ƙofa ta buɗe mini, amma na kasa fita. Na tuna akwai wadda za a miƙa wa kalandar nan a ɗakinta. Na ce masa ba zan wanke ba sai Hajiya mahaifiyarsa ta gani. Ya ɗaga kafaɗa ya ce tana takaba, ba ta fita, in ina so in je da kaina.

Na tura hoton a tabilet, wato ƙaramar kwamfutar da ake rubutu a fuskarta da yatsa ko da alƙalaminta, na naɗe ta a leda saboda yayyafi. Sau biyu ina kaiwa ƙofar gidan ina wucewa kamar mai neman wani wuri. A na uku na yi sallama.

Tana zaune a kan tabarma da carbi, tsohuwa siririya, har yanzu harshenta na gida ne. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, na miƙa mata tabilet ɗin da hannu biyu. Ta kai shi kusa da ido, ta ja baya da shi.

"Ɗan wa kika kawo mini?"

Na faɗa mata komai, daga gilashin har maɓallin. Na ce babu wani hoton, kuma ni na yi.

Ta ajiye carbin. Ina jin ruwa yana ɗiga a bokiti a tsakar gida. Na jira ta yi kuka, ko ta kore ni, ko ta yi mini baki, wanda shi na fi tsoro.

"Wannan abin naki," ta ce, "ana iya zane a kansa?"

Na ce ana iyawa.

"Matso, ɗiyata. Cire mayafin."

Na matsa. Ta ɗora yatsarta a gefen bakina, yatsar sanyi ƙalau, ta ja ta a hankali zuwa kunnena. "Daga nan ta tashi. Zana." Na zana a kuncin hoton da alƙalamin, layin ya karkace. Na goge na sake. Ta ja ta biyu a fuskata, ta uku. Idanunta a rufe suke. In na gama sai ta buɗe ta duba.

"Ta yi kauri. Shi wanzaminsu hannunsa siriri ne."

Na rage. Muka gama kunci ɗaya muka koma ɗayan. A wata tsagar yatsarta ta tsaya a tsakiyar kumatuna, ba ta kai kunne ba. Na ɗauka gajiya ta yi, na ƙarasa layin.

"A'a. Mai da ita. Wannan guntuwa ce. Uwarsa ta ce atishawa ya yi ana cikin yi, wanzami ya ɗaga hannu. Da ita nake tsokanarsa, in ce ko aska ma ba ta iya da taurin kansa ba."

Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin zane. Na mai da layin inda ta ce. Babu Bagobirin da zan kwafo a duniya da zai zo da wannan guntuwar.

Ta karɓi tabilet ɗin ta daɗe tana kallo. Ni kuma ina jin sawun yatsarta a fuskata, kamar an yi mini tsagar da gaske.

"Shi ne, Hajiya?"

"Ya kusa," ta ce. "Tasa ta fi zurfi. Amma na gane shi."

Ta ce in gaya wa ɗanta ba za a buga kalanda ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rufe fuska da hannun riga, ba za a raba shi a titi ba, a ƙarshe a naɗe ƙosai da shi. Guda ɗaya take so, ƙarami, wanda zai shiga cikin akwatinta.

Na wanke mata guda ɗaya na kai. Da na dawo shago na buɗe kwamfuta don in goge hoton kamar yadda na saba, sai yatsana ya tsaya a kan maɓallin. Laimar Agege ba ta barin takarda, kuma ita tsohuwa ce. Na koma gidan na tambaye ta ko in ajiye. Ta ce in ajiye, amma kada in nuna wa kowa, ko Bayaraben nan maƙwabcina.

Yana nan har yau, a kwamfuta da kuma a wani kati da na ƙulle a bakin tsumma na sa a ƙasan akwatina. Shi kaɗai ne hoton da na taɓa ajiyewa a wuri biyu. Yanzu in na kulle shago na kai titin jirgi, abu biyu nake juyowa in duba: kwaɗon da hoton.