Ba Sholisho Ba Ne, Mustang Ce

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, kuma na ga saƙonninku. Wasu na tambaya ko lafiya. Wasu kuma, daga yadda suka lanƙwasa tambayar, na gane wani labari ya riga ni isa wurinsu. To ga nawa.

Huhuna ne ya kumbura. Yanzu alhamdu lillahi ina hawa tudun unguwarmu Highbridge, a nan Amurka, ba sai na tsaya ina yi kamar ina duba waya ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne, na yi shekaru ina haɗa ƙananan motoci. Kwafin tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji da rugugi, irin su Mustang da Charger, tsawon tafin hannu. Gunduwa-gunduwa suke zuwa a kwali, a manna da gam, a goge, a fesa fenti. Har wayoyin filogi nake sa wa injin da hantsaki. Ni, mace mai dosar arba'in, mai digiri na biyu a lafiyar al'umma.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. A wurinmu, babban da aka gani da motar wasa, ko dai yana da ɗa ko yana da matsala. Ni ba ni da ɗa.

Da a bakin taga nake fenti. Sai Umma ta zo daga Kano za ta kwana biyu a wurina. Na tattara motocin na cusa a akwati ƙarƙashin gado, aikin kuma na mai da shi banɗaki, wanda ba shi da taga. In kulle ƙofa, in toshe ƙasanta da tawul kada wari ya fita, in saki famfo. Umma ta ɗauka tsafta ce ta yi mini yawa.

Ni ce fa nake koya wa ma'aikata amfanin iska a wurin aiki.

Da tari ya fara, na ce sanyi ne. Umma ta dafa citta da kanumfari. Sai ƙirjina ya koma busa usur. Wata safiya a hanyar tashar bas na ja numfashi, ya ƙi shiga. Na zauna a matakalar wani shago, mai shagon ta kira motar asibiti.

Aka sa mini oksijin, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗaura magani ta jijiya. An maƙala mini wata na'ura a yatsa mai ihu duk sanda iska ta yi ƙasa. Na ji tsoro, irin wanda ilimi ba ya rage shi.

Likitar ta tambaye ni ko ina aiki da fenti ko gam a rufaffen wuri. Na gyaɗa kai. Umma ta dage sai an gaya mata me ke damun 'yarta, na sake gyaɗa kai, aka kira tafinta a waya.

"Hajiya, likita ta ce 'yarki tana rufe kanta a ɗaki tana shaƙar gam."

"Wane irin gam?"

"Mai ƙarfin warin nan, na manne roba."

"Sholisho?"

"To… danginsa ne, Hajiya."

Umma ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi, ta dube ni ta ce, "Shi ya sa ake sakin famfo."

Ga inda kunyar take. Ina iya janye robar oksijin in yi mata bayani. Ban yi ba. Na kwanta ina auna wanne ya fi sauƙi, a ce ina shaƙar abin da yaran tasha ke shaƙa a tsumma, ko a ce motar wasa ce ta kwantar da ni. Wallahi sai da na yi tunani.

Kafin in gama tunanin, Umma ta kira ƙanwarta Anti Larai a unguwar Concourse Village, nan kusa da mu, ta ce a sa ni a addu'a. Wanda ya san Anti Larai ya san addu'ar da aka ba ta ba ta kwana a gida ɗaya.

Umma ta daina cin abinci. Ta daina kallon idona. Bayan azahar na ji ta a kan dardumarta, a gefen gadona, tana cewa, "Ya Allah, ni na yi sake. Ka kama ni, ka bar ta."

Nan na janye robar. Na ce, "Umma, in kin koma gida ki buɗe akwatin ƙarƙashin gadona."

Washegari ta shigo da jar Mustang naɗe a hankici.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Umma."

Ta ɗaga murfin injin da farce, ta daɗe tana leƙawa. "Har da inji. Tana tafiya?"

"A'a."

"Kin kusa mutuwa a kan motar da ba ta tafiya."

Ta kira Anti Larai, ta buɗe muryar wayar ina ji. "Larai, ba sholisho ba ne. Motocin wasa take haɗawa."

Anti ta ce, "Yaya, ai gara sholishon. Shi akwai inda ake kai mutum."

"Ke dai duk wanda kika gaya wa, ki bi shi ki warware."

Na san ba ta bi kowa ba, shi ya sa nake wannan rubutu.

An sallame ni da inhela ta shaƙar magani da ƙwayoyi. Ina komawa gwajin hura bututu, kuma likita ta ce huhun yana dawowa. Inshora ta ɗauki mafi yawan kuɗin, takardar ragowar ma sai da na nemi kujera kafin in karanta.

Na gode wa Allah. Na gode wa ma'aikatan jinya, da mai shagon da ban san sunanta ba, da ku da kuka yi mini addu'a, ko da a kan cutar da ba ni da ita.

Mai fenti ko gam, ka buɗe taga, ka sa takunkumi mai matatar iska, ba na takarda ba. Tarin da ya zo da usur a ƙirji ba na citta ba ne, na asibiti ne. Kuma duk abin da sai ka toshe ƙofa da tawul kake yin sa, ka fito da shi falo.

Nawa yanzu a falon yake. Umma ce ke buɗe tagar da kanta, ta zauna cikin suwaita biyu tana rawar ɗari, tana sa ido. Ta ce Charger da ke gabana koren fenti za a yi mata.