Jibgin Buhuna da Ɗakin Yaya Lawal

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Lawal, kuma har makon jiya ɗakinsa na gidanmu a Kudan a kulle yake, makullin yana hannuna. Yanzu ɗansa Mansur zai yi aure, babu sauran ɗaki a gidan sai wannan, kunya kuma ta hana shi yi mini maganar.

Yaya malamin kwamfuta ne, rubuta manhaja yake koyarwa. Ni kuwa hatsi nake saye da sayarwa. Amma shi ba ya ganin mutum a zaune ya ƙyale shi, sai ya mai da shi ɗalibi. Wata ranar kasuwar Makarfi ya same ni a sito ana jibge buhunan masara, ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa ganin buhu ba. Ya ce ai haka manhaja take rabon wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, su suna kiran jibgin stak.

Ga yadda ya bayyana mini. Manhajar da aka juya zuwa yaren na'ura tarin ƙananan ayyuka ce, wani yana kiran wani. Duk aikin da aka kira, sai a ba shi wuri a saman jibgin ya ajiye kayansa. In shi ma ya kira wani, a ɗora na wancan a kai. Na sama ne yake fara sauka, ba a zaro na tsakiya. Wani aikin tun wurin juyawa an san girman wurin da zai ci. Wani kuwa sai ana cikin gudu yake faɗa, na'ura ta ɗaga alamar saman jibgin daidai abin da ya nema. In ana ta ɗorawa ba a saukewa, wuri ya ƙare, manhaja ta tsaya cik.

Don in tsokane shi na ce, to wa yake share wurin in aiki ya gama?

"Ba a sharewa, alamar kawai ake saukewa," in ji shi. "Kayan suna nan har wani aikin ya zo ya rubuta nasa a kai. Mugun kuskure shi ne mutum ya ci gaba da komawa wurin, yana zaton har yanzu na mai shi ne."

Yau Mansur waya yake gaya wa abin da yake so, ta rubuta masa manhajar. Na san da Yaya ya gani sai ya yi tsaki, sannan ya ƙwace wayar ya zauna sai ya gano inda take ajiye kayanta. Wannan ba zai dame shi ba. Ƙofar da na kulle ce za ta ɓata masa rai.

Ina kewarsa, har yanzu. Amma da na buɗe ɗakin, riguna na tarar da ƙura. Abin da ya rage nasa yana waje: ɗalibansa da ke tare ni a Ikara su gaishe ni saboda shi, da Mansur, wanda shi ma ba ya amsa tambaya sai ya haɗa da darasi.

Na miƙa masa makullin, na ce ya nemo mai fenti.

"Baffa, wane launi za a sa?"

Na buɗe baki zan ce shuɗi, irin wanda Yaya yake so. Sai na ce ya je ya tambayi amaryarsa.