Kaciyar Ɗan Ƙanwata

Ni wanzami ne, ubana wanzami, kakana ma da zabira aka san shi a Ƙofar Ran. Boko ban wuce firamare ba. Yaran da suka bi ta hannuna a garin Bauchi ban san iyakarsu ba, amma guda ɗaya nake gani duk sanda na zauna wasa aska: ɗan ƙanwata na fari.

Lokacin sanyi ne, an tara yaran gidan mijinta don kaciya, an yanka kaji, mata na ta guɗa. Na yi musu ɗaya bayan ɗaya. Kowa jininsa ya tsaya, ban da nasa. Ba tsartuwa yake yi ba, tsattsafowa yake a hankali kamar tulu mai tsaga. Na barbaɗa garin bagaruwa na ɗaure, tsumman ya jiƙe, na sake wani. Ƙanwata ta riƙe mini riga ta ce, "Yaya, mu kai shi asibiti."

Na ce, "Ke, mataccen jini ne yake fita. Yaushe aka fara kai ɗan kaciya asibiti ina raye?"

Sunana na tsaya karewa. Sai da yaro ya yi fari fat sannan aka nemo keke, kuma bai daɗe a asibitin ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku, mutanen gidan suka shiga neman wanda za su ɗora wa. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce mayu. Surukar ƙanwata, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce ai tun da aka kawo yarinyar nan ta san farar ƙafa gare ta. Ina ji na yi shiru, domin duk zancen da aka yi wanke hannuna yake yi. Allah ya yafe mini wannan shirun.

Ƙanwata ta sake haihuwar namiji. Tun yana rarrafe gwiwoyinsa ke kumbura, jikinsa ya yi tabo baƙi-baƙi ba wanda ya taɓa shi. Aka ce dukansa take yi a ɗaka. Aka ce shafar aljanu ce. Har aka ce in kafa masa ƙaho a gwiwa, na ƙi, ba don na san komai ba, tsoro ne kawai. Wata rana ya faɗi ya ciji harshe, jini ya wuni yana zuba. Wannan karon ni na ɗauke shi da kaina zuwa asibiti.

Bayan an auna jininsa, wata likita ta zaunar da mu ta tambayi ƙanwata: a danginku na wajen uwa akwai namijin da jini ya taɓa ƙi tsaya masa? Sai na tuna. Akwai ƙanenmu, wanda mahaifinmu ya cire wa beli ranar suna, bai ga watan gaba ba. Akwai kawunmu da aka ce kambun baka ya kashe shi bayan an yi masa tsaga. Likitar ta ce cutar sunanta himofiliya. Jinin mai ita ya rasa wani sinadari da ke sa shi daskarewa. Gado ce, ta jikin mata take bi ta bayyana a 'ya'ya maza, kuma ba laifin uwar ba ne, kamar yadda tsawo ko gajarta ba laifin kowa ba ne. Ta ce za a iya yi masa kaciya, amma a asibiti, bayan an yi masa allurar sinadarin, allurar kuwa ba kullum ake samunta ba.

Ta tambayi sana'ata, na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "To Malam, kada aska ta taɓa shi."

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne wannan. Sau nawa aka tara mu wanzamai a ƙarƙashin rumfa, aka ce mu riƙa dafa aska, aka raba mana safar hannu, aka ɗauki hoto? Ba wanda ya taɓa ce mana akwai yaron da jininsa ba ya tsayawa. Rediyo na sanarwar shan inna da zazzaɓin sauro, madalla, amma wannan ko sau ɗaya ban ji ba. Wai masu ita ba su da yawa. Uwar da ta binne ɗanta za a gaya wa ba su da yawa? Tambaya ɗaya ce fa, wadda likitar ta yi mana, da an koya mini ita da yaron nan na fari yanzu ya isa aure.

Da ɗan ƙanwata na biyun ya isa kaciya, rigima ta taso. Yaran unguwa na tsokanarsa da mai loɓa, ya dawo gida yana kuka. Hajiya ta aika aka kira ni. Ta ce, "Bana za a yi wa maigidana kaciya tare da 'yan'uwansa. Ko so kuke ya yi gemu da abinsa?"

Na ce, "Hajiya, likita ta hana, sai an sami allura."

Ta ce, "Likita ce ta yi wa ubansa? Tun bara kuke allura, allura. In hannunka ya mutu ka faɗa, wanzamai ba su ƙare ba."

Uban yaron yana zaune kansa a ƙasa. Ya ji bayanin likita da kunnensa, amma ba zai iya musu da mahaifiyarsa ba.

Wata safiya ina yi wa wani aski a ƙofar gida, ƙanwata ta kira ni a waya tana haki. Hajiya ta ɗauko wani tsohon wanzami daga Zungur, har an shimfiɗa tabarma. Na bar mutumin da rabin kai na ruga.

Na tarar da su a zaure. Tsohon ya buɗe zabira, yara sun jeru da zannuwa, nawa yana cikinsu yana murna, don an yi masa alkawarin cinyar kaza. Ya ce, "Kawu, yau ni ma za a yi mini!"

A sana'armu kowane gida da wanzaminsa, wani ba ya zare aska a gidan wani sai da izininsa. Na durƙusa na gaida tsohon, na ce, "Baba, gidan nan tun ubana namu ne. Wa ya ba ka?"

Ya ce, "Ɗana, an ce mini ka ajiye aiki, hannunka na rawa."

Hajiya daga bayan ƙofa ta ce, "Ƙarya na yi? Rago kawai!"

A nan na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar sadakar uku. Na ce wan yaron nan ba farar ƙafa ce ta kashe shi ba, ba mayu ba. Askata ce, da taurin kaina da na hana a kai shi asibiti. Na ce wannan ma jininsu ɗaya, duk wanda ya yanke shi yau ya shirya likkafani. Sauran yaran na ba shi izini ya yi musu, wannan kuwa sai dai a fara da wuyana.

Tsohon ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya ce, "Na taɓa yin irinsa a wani ƙauye. Tsohuwa muka kora a kan maita." Ya kama hannun yaron ya fitar da shi daga layi ya miƙo mini. Yaron ya fashe da kuka, yana dukana a cinya, wai na hana shi zama namiji.

Sai da wani sanyin ya zagayo aka sami allurar, aka yi masa a asibiti, ya warke. Hajiya har yau ba ta amsa gaisuwata, ƙanwata kuwa ba ta ƙara jin kalmar farar ƙafa ba.

Yanzu duk gidan da aka kira ni suna ko kaciya, ba na buɗe zabira sai na sa an tambayi uwar yaron ko a danginta akwai namijin da jini ya ƙi tsaya masa. Wasu gidajen sun sallame ni, wai ina yi musu mugun fata. Wani maigida a Gwallameji ya ce mini, "Aski muka kira ka ko binciken asali?" Na ce aski, amma sai an amsa. Ya shiga ciki yana tsaki, ya jima, ya fito ya ce matarsa ta ce akwai, yayanta ne.

Na naɗe zabirata, na raka su asibiti.